Inabin da Ya Hau Bene Ya Bar Mai Shi a Ƙasa

Ni dai rabona a inabin gidanmu bai taɓa wuce kututture ba. Ta jikin tagar kicin ɗina ya bi ya wuce, baƙi ƙirin, duk ɓawo, ba ganye ba 'ya'ya, sai tururuwa da ke hawansa suna ratsowa cikin sukarina. Saiwarsa tana ƙasa a ɗan filin Abu Wa'il, inuwarsa da zaƙinsa suna can saman rufi. Mu mutanen hawa na biyu da na uku ba mu da fili, ba mu da iska, amma in aikin gyaran gida ya tashi ba a taɓa mantawa da ƙofarmu. Na faɗi wannan tun yanzu ne don kada wani ya ɗauka ni waliyyiya ce. Ina ƙyashin na ƙasa, ina ƙyashin na sama, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Sai dai nawa ƙyashin wasan yara ne idan aka ajiye shi kusa da na Abu Wa'il.

Sunansa na yanka Zuhdi, amma tun da aka haifa masa Wa'il babu mai kiransa da shi sai matarsa, ita ma sai ranta ya ɓaci. Mutumin wani ƙauye ne a duwatsun Ajlun. Mahaifinsu yana da gonar inabi a gangaren dutse. Da ya rasu yayyensa suka sayar da ita, shi yana nan Irbid yana tuƙa motar haya zuwa Amman. Ranar da ya je ya tarar masu awo sun kafa turaku, bai yi faɗa da kowa ba. Ya shiga gonar ya datso reshe guda, ya naɗo shi a jiƙaƙƙen buhu, ya dasa a gwangwanin man zaitun, ya yi ta yawo da shi daga wannan gidan haya zuwa wancan. Da aka gina benen nan namu mai hawa huɗu, ya zo ya ga na ƙasa yana da ɗan fili a baya. Matarsa ta sha ba mu labari cewa ko ɗakunan bai leƙa ba ya ce ya saya.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, da gashin baki da yake murzawa duk lokacin da ake yabon wani a gabansa. Ba shi da rowa, ba ya cin amana. In motarka ta mutu a hanya, zai bar fasinjojinsa suna tsaki ya shiga ƙarƙashinta. Amma kada ka kuskura ka yabi wani direba yana wurin. Wata rana na ce mijin 'yata ya iya tuƙi, ya kai mu Jarash ko girgiza ban ji ba. Kwana da kwanaki Abu Wa'il yana amsa gaisuwata da hanci. Daga baya ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ummu Kusai, hanyar Jarash ita ma hanya ce? Ko jaki aka ɗora a kan sitiyari zai kai ki."

Inabin bai ji daɗin ƙasa ba. Ba a daɗe da dasa shi ba aka tayar da wani bene a bayanmu ya tare rana, filin ya koma kamar cikin rijiya. Da wani ne da ya haƙura ya shuka na'ana'a. Abu Wa'il ya ce in rana ba za ta sauko ba, to inabi zai hau ya same ta. Ya ja igiyar ƙarfe a jikin bango, kowace shekara ya datse rassan gefe kaf, ya bar guda ɗaya tal mai miƙewa sama. Duk hawan da inabin ya kai, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar mai wurin da kwalin kayan zaƙin nan kunafa mai zafi a hannu, ya nemi izinin buga ƙusa kusa da tagarsa. Na ci kunafata na ba da izini. Da na san tururuwa nake saye, da na ce ina azumi.

Da inabin ya kai rufi sai magana ta koma gaban kwamitin masu gida. Rufi na kowa ne, haka dokarmu take tun farko. Ban da tankunan ruwa da igiyoyin shanya, ba mai kafa komai sai da yardar sauran. A lokacin a zauren shiga muke taro, gindin matakala, kowa ya fito da kujerarsa. Abu Wa'il ya roƙi kusurwa ɗaya ya kafa rumfar ƙarfe, da sharaɗin inuwa ta kowa ce, 'ya'ya ma na kowa ne. Aka yarda. A kafaɗarsa ya hau da ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya, don benenmu ba shi da lifta, har gobe.

Shekarun da suka biyo baya nasa ne. Da farkon zafi matarsa Ummu Wa'il za ta tsinko ganye masu taushi ta raba wa mata, gidan duka ya ɗauki ƙamshin naɗin ganyen inabi da shinkafa da lemon tsami. Da ƙarshen zafi kuma shi da kansa yake zagayawa ƙofa-ƙofa da kwando. Ba ya miƙa maka ya wuce. Tsayawa yake sai ka ciri ƙwaya ka sa a baki, yana kallon bakin naka.

"Yaya?"

"Ma sha Allah, Abu Wa'il, zuma."

"Zuma? Kin taɓa shan zumar da ta kai wannan? Faɗi tsakaninki da Allah."

"Ban taɓa ba."

"To."

Sannan ya nufi ƙofa ta gaba. Matarsa takan biyo bayansa tana ba da haƙuri da ido. Ta taɓa ce min ita ta daina yabon ko tumatirin kasuwa a gabansa, don ranar da ta yi, sai da ya kwana bai ci abinci ba. Mutum ne mai ban haushi, amma inabin nan fari ne dogo, ɓawonsa ba ya maƙale maka a haƙori, kuma duk unguwa ta san namu ne gidan inabin Abu Wa'il. Ko mai motar gas haka ake yi masa kwatance.

Sai gwiwa ta ci amanarsa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana taka kuloci, ta hagu ta fara, ta dama ta bi. Ya ajiye mota. Ummu Wa'il ta rasu a wani lokacin sanyi, Wa'il kuma yana Jamus da iyalinsa, sai dai a gaisa daga nesa. Da farko yana hawa rufi yana hutawa a hanya. In ya iso ƙofata sai in fito masa da kujera da ruwa, ya ce shi ba gajiya ya yi ba, ƙusa ya tsaya dubawa. Daga baya ko 'yan matakalan bakin ƙofar gida sai da sanda. Inabin ya rasa mai yi masa aski, ya yi cunkus a saman rumfa, 'ya'yan suka ƙanƙance, zanzaro da tsuntsaye suka raba. Mu kuwa masu inuwar kowa, babu wanda ya ɗauki almakashi. Ni ban iya ba, kuma ba a tambaye ni ba.

Shi dai bai fasa hidimar saiwa ba. Ranar da aka sako mana ruwan famfo, wanda sau ɗaya yake zuwa a mako, kowa na ta fama da wanki da cika tanki, shi tiyo yake fara ja zuwa gindin inabi kafin ya wanke ko kofi. Sauran kwanaki ruwan wankin shinkafa da na alwala yake tarawa a bokiti. Takin tumaki kuwa daga ƙauye ake kawo masa a buhu, warin ya hauro har kicin ɗina ya gaisa da tururuwa.

Ana nan sai mutanen hawa na huɗu suka sayar, Abu Tamir ya saya. Akif sunansa. Ya daɗe yana aiki a kantin magani a Kuwait, ya dawo gida da abin hannunsa da ƙafafu lafiya lau. Dogo ne mai fara'a, irin mutanen nan da za su riƙe maka ƙofa tun kana nesa har sai ka sa gudu. Na nemi abin zarginsa ban samu ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Bai daɗe da tarewa ba ya sauko ya sami Abu Wa'il a filinsa.

"Alhaji, an ce min kai ne uban inabin nan. Ka ba ni izini in yi masa aski, ka kuma koya min."

"Ka taɓa riƙe almakashi?"

"Na yankan bandeji dai."

"To inabi ba bandeji ba ne. Idon toho biyu za ka bari a kowane reshe. Ka bar uku, in na ji labari ni da kai ne."

Abu Tamir ya bar ido biyu. Inabin ya farfaɗo, da shekara ta zagayo ya yi 'ya'yan da rabon a ga irinsu tun Abu Wa'il na da ƙarfinsa. A nan ne mutumin kirkin nan ya tafka kuskuren da har yau bai san ya yi ba. Ya zaɓi curin da ya fi kyau, ya jera a farantin tangaran mai bakin zinariya na matarsa, ya rufe da ganye, ya sauka da kansa ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙasa.

"Alhaji, ga ɗan abin taɓawa. Ka ɗanɗana namu na bana."

Ina kan matakala da kwandon shara, da kunnena na ji. Abu Wa'il ya karɓa, ya ce Allah ya saka, ya rufe ƙofa. Da yamma ya buga kututturen da sanda, kiran da yake yi min ke nan, na sauka. Farantin na kan tebur, ko ƙwaya ɗaya bai taɓa ba.

"Kin gani? An kawo min sadaka."

"Haba Abu Wa'il, girmama ka ya yi."

"Girmamawa a faranti? Da a kwando ya kawo ya ce ga kayanka ka raba, da na ce ɗan halak ne. Amma faranti, Ummu Kusai! Yanzu ke nan sai na mayar masa da wani abu a ciki. In je kantin kayan zaƙi in sayo baklawa in fanshi inabin ubana?"

Ta wannan gefen yana da gaskiya. Faranti ba ya komawa gidan maƙwabci wayam, kowa ya san haka. Farantin ya yi zamansa a ƙasa har Ummu Tamir ta fara tambayata a kaikaice ko tsohon lafiya yake. Ranar da farantin ya koma sama, mai gadin gidanmu ne ya kai shi, an lulluɓe shi da farin ƙyalle tas. Da aka buɗe sai ga takin tumaki, an tula shi har da tsini.

Da ni aka aiko wa haka, da unguwa ta ji mu. Abu Tamir kuwa ya yi dariya har da hawaye, ya zuba takin a tukwanen na'ana'arsa, ya leƙo ta rufi ya ƙwala kira: "Alhaji, na gode! Wallahi abin da nake nema ke nan!" Kuma har zuciyarsa ya faɗa. Ƙarar rufe tagar ƙasa sai da ta girgiza kofunan kicin ɗina.

Daga nan komai ya dinga zamewa sama, ba da shawarar kowa ba. Abu Tamir ya kai kujeru ƙarƙashin rumfa, ya kai butar gahawa. Bayan la'asar maza su hau da karta, mu mata mu hau da saƙa da gulma. Eh, na hau. Iska tana can, me zan zauna yi a kicin? Ina zaune ina cin inabi ina hararar labulen Ummu Tamir da ke kan igiyar shanya, amma ina hawa. Dariyarmu kuwa sai ta bi bango ta faɗa daidai filin Abu Wa'il, inda yake zaune shi kaɗai a kujerar roba, sanda tsakanin ƙafafu, yana fuskantar kututture. In na sauko zubar da shara sai ya tare ni.

"Wa da wa suka hau yau?"

"Mutane dai."

"Me suka ce a kan inabin?"

"Sun ce ya yi zaƙi."

"Sun ce wa ya dasa?"

"Abu Wa'il, karta suke yi, ba tarihi ba."

Sababbin masu haya kuwa ba su san komai ba. Wata amarya da ta tare a hawa na uku ta tsaya a ƙofarsa ta ce, "Baba, ka ɗanɗana inabin Abu Tamir kuwa? Wallahi mutumin nan hannunsa da albarka yake." Mai motar gas ma ya canza kwatance.

Abin da ya karya shi shi ne taron kwamiti. Shugabanmu Ustaz Rafik, tsohon malamin makaranta mai son a gama komai kafin magariba, ya ce zauren shiga ya cika zafi, kuma masu wucewa na jin sirrinmu, a mayar da taro ƙarƙashin rumfa. Kowa ya ce madalla. Sai da aka zauna aka zuba gahawa sannan wani ya tuna akwai wanda ba zai iya hawowa ba. Aka tura mutum biyu majiya ƙarfi su ɗauko shi a kujera.

"Ni gawa ce?" in ji shi. "Ku koma ku ce musu ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa tana nan tafe, kuma ba sama za a yi da ni ba."

Mutumin da aka kafa kwamitin da shi ya koma sai dai a sauko a gaya masa abin da aka yanke. Sai ya kama doka ya riƙe gam. Ya kai ƙara cewa an jibge kujeru a rufin kowa ba da izini ba, aka taru aka ba da izini. Ya ce hayaniya na hana shi barcin rana, aka koma dariya ƙasa-ƙasa, wadda ta fi ciwo, don yanzu gani yake da shi ake. Daga ƙarshe ya yi yajin ban ruwa. Ya naɗe tiyo ya rataye, ya ce bari mu ga albarkar hannun. Ranar ruwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ko ganye ɗaya bai langwaɓe ba. Tsohon inabi ne, saiwarsa ta yi nisa, ta daina jiran bokitin kowa. Na tarar da shi yana kallon ƙasar da ta tsattsage don bushewa, abin tausayi.

"Ko ni ba ya buƙata," ya ce. Sai ya juya ya dubi murfin rijiyar siminti da ke ƙarshen filin, inda muke tara ruwan mako kafin inji ya tura shi tankunan sama. "To a ina yake sha?"

Washegari ya aika wa Ustaz Rafik cewa yana da babbar magana, kuma a ƙasa za a yi ta. Kafin taron na kai masa abinci, na tambaye shi me yake ƙullawa.

"Zan ce saiwa ta fasa rijiya, a sare shi."

"Ta fasa ɗin?"

"Wa ya sani? Ina da ido a ƙarƙashin ƙasa ne?"

"Ka haukace? Inabin babanka?"

"Ke dai zuba ido. Wa zai yarda? Ina faɗa za su miƙe su ce haba Abu Wa'il, itacen da ka ɗauko tun daga Ajlun, ka hau da shi har sama da hannunka? Su faɗa a gaban Abu Tamir, ya ji da kunnensa. Iyakar abin da nake so ke nan. Sai in ce to, don darajarku na bari."

Na ce masa a garin nan ba a wasa da maganar ruwa. Ya ce in ɗauki kwanona in ba shi wuri.

An yi taron a zauren shiga kamar da, kowa da kujerarsa. Abu Wa'il ya sa farar riga da jan hirami, ya zauna a tsakiya, ya yi bayani a natse. Ya ce ya daina ban ruwa inabin bai ji ba, ruwan rijiya kuma kowa ya ga yadda yake raguwa. Bai kai ƙarshe ba wuri ya kaure. Ruwan rijiyarmu kowace shekara yana raguwa da zafi, don da zafi ne kowa ke yawan wanka, amma wa zai tsaya wannan tunanin? Amaryar hawa na uku ta dafe ƙirji ta ce dama kwanan nan shayinta ɗanɗanon ƙasa yake yi. Wani ya ce gidan surukinsa a Zarka haka itacen ɓaure ya tsaga musu rijiya, suka ƙare da sayen ruwan tanka. Babu wanda ya ce a kira mai gyara ya leƙa.

Mutum ɗaya ne ya miƙe don kare inabin, kuma shi ne wanda bai kamata ya miƙe ba.

"Jama'a ku ji tsoron Allah," in ji Abu Tamir. "A duba tukuna. In gyara ne ni zan ɗauki nauyi. Na sha wahala a kan itacen nan, kowane reshe nasa na san shi."

Ustaz Rafik ya dafa kafaɗarsa. "Mun sani, Abu Tamir. Duk mun san inabinka ne, kuma mun ci albarkacinka. Amma ka yi haƙuri, ba za mu sha inuwa ba in ruwa ya ƙare."

Na dubi Abu Wa'il. Hannunsa na kan gashin baki, ya kasa ko murzawa. Na ɗaga murya na ce, "Ku dakata, wai kun manta wanda ya dasa shi ne?"

"Wa zai manta?" in ji Ustaz Rafik yana duba agogo. "Ga shi ma shi da ya dasa ya ce a sare. Allah ya saka maka da alheri, Alhaji, ka ceci gida. Wa ya yarda?"

Hannuwa suka tashi. Ni na naɗe nawa a ƙirji, ba wanda ya ma lura. Kalma ɗaya ta ishi Abu Wa'il ya warware abin da ya ƙulla, amma a gaban Abu Tamir zai ce wasa yake yi? Ya zauna ƙyam har kowa ya ɗauki kujerarsa ya watse.

Ranar Asabar da hantsi mai zarto ya zo, wani ƙato da injinsa a kafaɗa. Lokacin 'ya'yan sun cika, saura ƙiris su nuna. Duk gidan ya sauko filin Abu Wa'il, filin da rabonsa da jama'a haka tun zaman makokin matarsa. Mutumin ya shafa kututturen, ya ɗaga kai ya bi shi da kallo har sama, sai ya ajiye injin a ƙasa.

"Waye mai shi?"

Ustaz Rafik ya ce kwamiti ne ya yanke shawara.

"Ni ban san kwamiti ba, Ustaz. Itace ne mai 'ya'ya, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Mai shi ya ce min yanke da bakinsa, in yanke. In ba haka ba in kama gabana."

Kowa ya kau da kai yana gudun alhaki. Sai Abu Tamir ya matso gaba.

"Nasa ne. Na Alhaji Abu Wa'il ne. Daga gonar mahaifinsa ya kawo shi, shi ya hau da shi har sama. Ni ɗan aiki ne kawai."

"Ƙwarai kuwa," in ji Ustaz Rafik da sauri. "Na Abu Wa'il ne."

Sai kowa ya ɗauka. Wannan ya ce nasa ne wallahi, wancan ya ce tun kafin mu zo gidan nan. Har amarya ta ce ita dama ta ji ana faɗa.

Ga shi nan dai, abin da ya daɗe yana jira, a gaban kowa, kuma daga bakin mutumin da kansa. Na ga idon tsohon ya kawo ruwa, kafaɗunsa sun sauko. Na ce a raina alhamdu lillahi, yanzu zai sallami mai zarto mu sha shayi. Har ya buɗe baki. Da Abu Tamir ya iya yin shiru na ɗan lokaci, da yau inabin nan yana nan. Amma mutumin kirki bai san inda ake tsayawa ba. Ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Alhaji, ka bar mana shi, ko na bana kaɗai. Jikokina na zuwa daga Kuwait ƙarshen wata. Tun bara nake yi musu alkawari za su zauna a rumfa su tsinka da hannunsu. Har lilo na ɗaura musu."

Abu Wa'il ya ɗaga kai. Daga filin ba a hango rumfa, sai bango da ƙusoshi da ɗan gefen ganye can ƙololuwa. Nasa jikokin ba su taɓa ganin inabin nan ba sai a hoto. Ya zare hannunsa a hankali.

"Yanke."

"Alhaji..."

"Nawa ne ko ba nawa ba ne? Na ce yanke."

Kafin in gyara mayafina an gama. Kututturen bai ma faɗi ba, ƙusoshi da igiyar ƙarfe sun riƙe shi a bango, sai 'yar tazara tsakaninsa da gindinsa wadda yatsa zai iya shiga. Mutane suka fice ba mai kallon wani.

Ganyen sama bai san abin da ya faru ba sai washegari. Da la'asar ina kicin na ji ana bugun kututturen da sanda daga ƙasa. Na leƙa.

"Ummu Kusai, don Allah hau ki dubo min."

Na hau na dubo, na sauko har ƙasa. Ya bar ƙofarsa a buɗe, ya jera kujeru a filin, ya dafa gahawa mai ɗaci cike da buta irin wadda ake ba masu zuwa ta'aziyya, ga ƙananan kofuna a tire. Babu kowa.

"Yaya?"

"Ya yi yaushi. Ganye duk ya sunkuya, 'ya'yan sun fara yamushewa."

Ya gyaɗa kai.

"Shi fa?"

Na so in yi masa ƙarya, amma takun mutane a matakala tun azahar ba ɓoyayye ba ne.

"Yana zaune a ƙarƙashin rumfa. Mutane na ta hawa."

"Hawa yin me?"

"Jaje."

"Jaje," ya ce. "Shi ake yi wa jaje."

Na ja kujera na zauna, na miƙa hannu zan zuba wa kaina gahawar, don ko ba komai a ce mutum ɗaya ya sha. Ya ce in bari, ta huce. Ya ce in taya shi shigar da kujerun kafin wani ya sauko ya gani.